Musuluntar Ni'ima Ta Huɗu

Sau uku Ni'ima ta musulunta a hannun Alhaji Maharazu, kuma na farko ne kawai na Allah. Sauran biyun don baƙi aka yi su.

Kowa a Sabo, unguwar Hausawan Ibadan, ya san Alhaji Maharazu. Shi ne ciyaman na Fitilar Shiriya, ƙungiyar da'awar da ke fita wa'azi Mokola da Ojoo da ƙauyukan bayan Ibadan. Ƙungiyar tana da doka: macen da ta karɓi kalmar shahada kuma ba ta da kowa, a ajiye ta gidan ɗaya daga cikin shugabanni wata uku, ta koyi tsarki da salla, daga nan a aurar da ita ko a sallame ta. Ni'ima 'yar ƙasar Tibi ce. Mijinta ya mutu, ta biyo motar lemo ta sauka Ojoo tana wankin kwanuka a buka, rumfar sayar da abinci. Can ta ji wa'azi, zuciyarta ta kama, aka raɗa mata Ni'imatullahi, aka kawo ta gidan ciyaman. A 1988 ke nan. Wata ukun nan bai ƙare ba har aka shiga 1991.

Ita ce ɗiban ruwa, ita ce wanki, ita ce kai niƙa. In kwamiti zai yi mitin, ita ke tuƙa tuwon mutum ashirin, ita ke kwashe kwanuka. Ɗakin da ake jibge tabarmin wa'azi da lasifika, nan ne makwancinta, tsakanin wayoyi da batir. Karatun da aka ce shi ya kawo ta kuwa, ba wanda ya taɓa zaunar da ita sai Inno, yayar mahaifin Alhaji, tsohuwar da ke ɗakin ƙurya. Inno ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma Fatiha da 'yan surorin da take salla da su ta juye wa Ni'ima tas, da baki, suna gyaran wake.

Ba aikin ne ya fi ƙona ran Inno ba. Hajiya Hafiza, matar Alhaji, ta adana tsohon zani da 'yar guntuwar rigar da Ni'ima ta zo da su. In manyan baƙi suka zo daga Arewa ganin aikin ƙungiya, sai a shirya wa'azi can nesa inda ba a san fuskarta ba, sau ɗaya Shagamu, sau ɗaya Oyo. A sa mata kayan nan, a cire mata ɗankwali, ta fito daga bayan jama'a kai a buɗe. Malam ya laƙƙana mata shahada, Hajiya ta yafa mata farin mayafi, fili ya ɗauki kabbara, baƙi suna share hawaye. Ita an ce mata sabunta imani ne. Lokacin Hausarta ba ta nuna ba, ba ta gane abin da ake faɗa a lasifika. Yanzu tana ganewa.

Ran wata Talata da la'asar Gambo ya zo, zuwa na huɗu. Ɗan dako ne a tashar Ojoo, mai lodin huhun goro, tun zaman buka yake son Ni'ima. Ya sa wankakkiyar riga, ya durƙusa a zaure. Inno tana bayan ƙofa tana ji.

"Alhaji, mahaifina ya rasu, gona ba mai nomawa. Ran Lahadi bayan azahar motarmu za ta tashi, kuma in na tafi Bakori na tafi ke nan. Na je wurin liman, ya ce tunda a hannunka ta musulunta kai ne waliyyinta, ba mai ɗaura auren nan a Sabo sai da bakinka."

"Gaskiya ya faɗa maka," in ji Alhaji, yana jan carbi. "Sai dai ba ta gama karatu ba. Amana ce a wuyan ƙungiya. In na ba ka ita ɗanya ka kai ta ƙauye ta warware, wa Allah zai tambaya?"

"Ranka ya daɗe, bara ma haka ka ce."

"To bana ma na ce. Akwai wanda ya fi ni sanin ɗalibata?"

Gambo ya tashi. Takalminsa bai gama fita ba Inno ta shigo.

"Maharazu."

Ita kaɗai ce a Sabo ke kiransa haka gatsal, don ita ta goye shi.

"Wane karatu ne ba ta gama ba? Wanda kake koya mata a bakin murhu? Kira ta yanzu ta karanta maka."

"Inno, wannan maganar ƙungiya ce, ba ta cikin gida ba."

"Au, in tuwo ne ta cikin gida ce, in aure ne ta ƙungiya?"

Ya ajiye carbin, ya rage murya. "Ki fahimce ni. Baƙi za su zo daga Kano, ran Lahadi da safe za mu yi wa'azi a Moniya. Sun yi mana alkawarin bas mai lasifika in sun ga aiki. Wata shida ba mu samu ko mutum ɗaya ba. Me zan nuna musu, tabarmi? In bas ɗin nan ta zo, ƙauye nawa za mu shiga? Mutum nawa za su shiryu? Ita ma tana da lada a ciki. Ta fito sau ɗaya, na ƙarshe. A dawowa ta Ojoo za mu biyo, in tsaya a tasha in ɗaura da kaina kafin motarsu ta tashi."

"In ta ƙi fa?"

"Sai ya tafi shi kaɗai."

"Wato sai ta tuɓe ɗankwali za ka ba ta mijinta."

"Ke dai ki kai mata saƙo."

Inno ba ta kai ba tukuna. Washegari da hantsi ta ja ƙafa zuwa ofishin ƙungiya, wani shago ne kusa da masallaci, da allo a sama. Malam Sammani ta tarar, sakatare, shi ne kuma mai laƙƙana shahadar a duk fita. Ya ba ta benci, ya saurare ta har ta gama, yana gyaɗa kai kamar an yi masa mutuwa.

"Wallahi Inno, ni ma abin yana damuna. Amma ki duba inda muke. Garin mutane muke. In maganar nan ta fita ba Alhaji za a zaga ba, Hausawan Sabo za a zaga, addini za a zaga. Kuma ba a ce ƙarya ce gaba ɗaya ba. Ai da gaske ta musulunta, ranar ce kawai muke matsowa da ita."

"Ranar kuke matsowa? Ba kai ne a Oyo ka ce har jiya tana yanka wa gunki kaza ba? Matan da suka je sun gaya mini. Jiyan nan da kake faɗa, tare muka yi sallar asuba da ita."

"Salon wa'azi ne, Inno, don zukata su yi laushi."

"Ka tara mini kwamiti in yi musu magana."

"Mata ba sa shiga mitin. Ki kawo kukanki a rubuce, a duba shi a zaman wata mai zuwa."

"Wata mai zuwa Gambo yana Bakori. Kuma ka san ban iya rubutu ba."

"Sai ki sami mai rubuta miki."

"Kai ne mai rubutun unguwar nan. Ga ni, ga ka. Rubuta."

Malam Sammani ya dubi biron da ke hannunsa, ya rufe shi, ya sa a aljihu.

Da Inno ta dawo ta gaya wa Ni'ima komai, ba ta rage ba. Ni'ima ta ci gaba da matse wanki. Daga ranar abinci ya daina wuce mata. Ran Alhamis ta bar tuwo ya kama, abin da ba ta taɓa yi ba. Hajiya Hafiza ta fito tsakar gida tana faɗa don maƙwabta su ji.

"Ina ciyar da ke, ina tufatar da ke, 'yar tsayuwar minti goma ce ta zama abin ɗaure fuska? Mu da aka haifa cikin addinin ma muna yi masa hidima, balle ke da aka tsamo."

"Wace hidima kike yi masa, Hafiza?" Inno ta jefo daga ƙofar ɗakinta. "Ninke mayafi?"

"Inno, ba da ke nake ba."

"Ni da ke nake."

Ran Juma'a, maza sun tafi masallaci, gida ya yi tsit, Ni'ima ta shigo ɗakin Inno ta zauna a ƙasa. Idanunta sun faɗa.

"Inno, abeg, don Allah ki gaya mini gaskiya. In na tsaya na ce yau na shiga, to jiya ni mece ce? Azumi uku na yi a gidan nan. Sallar da nake yi a ɗakin lasifika, in na faɗa da bakina ban taɓa yi ba, Allah zai goge?"

"Ni ba malama ba ce, 'yar nan."

"Ai malaman ne suka ce in faɗa."

Shekarar Inno saba'in da wani abu, ba a taɓa yi mata tambaya mai nauyin wannan ba. Ta dai kama hannun Ni'ima ta riƙe. Hannun ya yi kaushi kamar na mai faskare.

Ran Asabar Ni'ima ta ce, "Zan yi, Inno. In Gambo ya tafi, a gidan nan zan mutu. Sau ɗaya ne ya rage."



Lahadi da sassafe motar haya ta tsaya a ƙofar gida. 'Yan kwamiti sun cika zaure, ana loda tabarmi. Ni'ima ta fito tsakar gida da tsohon zanin da guntuwar rigar, damatsanta a waje, tana ta jan hannun rigar ƙasa, ba ya zuwa. Ɗankwalinta yana kanta.

"Cire shi tun nan," in ji Hajiya, "kada ki manta a can."

Ni'ima ta ɗaga hannu. Hannun ya kai kan ɗaurin, ya tsaya. Maimakon ya kwance sai ya danne.

"Hajiya, ba zan iya ba."

"Ba za ki me ba?"

Alhaji ya leƙo daga zaure da babbar riga sabuwa fil. "Me ake jira? Baƙi sun riga mu fita."

"Wai ba za ta cire ba."

"Ke Ni'ima, cire mu tafi."

"Baba Alhaji, kai ka ce a wa'azi mace ba ta buɗe kai gaban maza."

"Wannan lalura ce."

"Ni Musulma ce." Ba ta sauke hannun ba. "Shekara uku. In ka ce ni ba Musulma ba ce, ka faɗa a nan, Inno ta ji, mutanen zaure su ji. Sai in cire."

Mai loda tabarmi ya tsaya da tabarma a kafaɗa. Alhaji ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba, sai fushi ya zo ya cece shi.

"To babu aure! Kin ji? Babu! In ga limamin da zai ɗaura a Sabo. Butulu kawai. Fitar mini daga gida!"

Hajiya ta kai hannu za ta fizge ɗankwalin. Inno ta buge hannun da maficinta, har sai da ya yi ƙara. Ta zare mayafin jikinta ta lulluɓe Ni'ima, ta tura ta gaba.

"Inno," in ji Alhaji, "in kika bi ta, ki nemi inda za ki zauna."

"Ubanka bai taɓa nuna mini ƙofa ba, Maharazu. Amma na ji. Matsa."

Suka ratsa ta tsakiyar 'yan kwamiti, ba wanda ya ɗaga ido. A waje Inno ta hangi Malam Sammani ya tsuguna gaban tiren Iya Risi, Bayarabiyar da ke sayar da burodi a ƙofar gidan, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Yarbanci, yana nuna motar. Inno ta gani, ta haɗiye, don ba ta da lokacin tsayawa.

A Mokola suka shiga danfo, ƙaramar bas ta haya, zuwa Ojoo. Gambo yana saman mota yana ɗaure huhuna. Da ya gan su su biyu, ba Alhaji, sai igiyar ta suɓuce masa.

"Inno, lafiya? Ina Alhaji?"

"Sauko. Ina limamin tashar nan?"

Limamin, Malam Mahmuda, tsoho ne, yana ɗinkin hula a rumfar ɗan masallacin tasha. Ya ji bayani tun daga farko, allura a hannunsa. Da Inno ta gama sai ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Baiwar Allah, kin ga kwanon rufin nan? Ƙungiyar Alhaji Maharazu ce ta sa mana shi."

"Na gani. Ran tsayuwa shi zai ba da amsa a madadinka?"

"Ba haka nake nufi ba. In na ɗaura a bayan idonsa, gobe ba ni da fuskar shiga Sabo."

"Ni yau ba ni da ɗaki a Sabo, ga ni tsaye ban mutu ba. Malam, mota bayan azahar za ta tashi. In matar nan ta kwana a tasha ba miji ba gida, a wuyanka take, don na kawo maka ita da rana tsaka."

'Yan dako sun fara taruwa. Wani ya ce, "Malam, mun san Gambo, mun san ta tun tana buka." Wani ya ce, "In kwano ne, mu ma muna da kai, za mu ɗauko wani."

Malam Mahmuda ya soke allurar a jikin hula, ya dubi Ni'ima.

"Ke, matso. Wa ya tilasta ki shiga addinin nan?"

"Ba kowa, Malam."

"Karanta mini abin da kike salla da shi."

Ta karanta Fatiha, ta ɗora Ƙulhuwallahu, da irin jan muryar Inno, har da inda Inno ke tsayawa ta ja numfashi.

"Kina son mutumin nan?"

"Ina so."

"To. Wadda ba ta da dangi Musulmi, jama'ar Musulmi ne danginta. Wanda ya riƙe ta don amfanin kansa ya sauke kansa da kansa. Ku zauna, ni ne waliyyi."

Gambo ya miƙa sadaki. Direba ya farke bakin huhu ɗaya aka raba goro, aka shafa fatiha. Ni'ima ta durƙusa ta riƙe ƙafar Inno tana kuka.

"Inno, ki biyo mu. Ina za ki koma?"

"Tashi, kada ki ɓata mini zani. Riƙe mayafin, na ba ki. Ina da sauran aiki."

Ta ari gyale a wurin wata mai koko, ta hau motar Moniya.

Tun daga bakin titi ta jiyo lasifika. An kafa rumfa, baƙi uku a kan kujeru a gaba, Alhaji a gefensu yana murmushi. Malam Sammani yana riƙe da makirfo, muryarsa har da rawar kuka.

"Jama'a, wannan baiwar Allah, har jiya ba ta san alƙibla ba!"

A gabansa Iya Risi ce tsaye, kai a buɗe, furfura a waje, ta sunkuyar da fuska kamar wadda aka kama da sata. Hajiya Hafiza tana bayanta da farin mayafi a ninke.

Inno ba ta bi ta wajen mata ba. Ta ratsa sahun maza kai tsaye, ana "Ke tsohuwa, ina za ki?" ba ta waiwaya ba, sai da ta tsaya inda makirfo zai ɗauki muryarta.

"Iya Risi! Yaushe kika fita daga Musulunci ban ji ba? Ba mijinki ne ladanin masallacin bayan kasuwar Mokola ba? Ba ke ce bara kika yi walimar saukar ɗanki muka ci amala ba?"

Iya Risi ta ɗora hannu biyu a ka. "Ah, Mama! Sun ce taimakon addini ne, wallahi sun ce taimako ne!"

"Na san me suka ce. Wadda suka saba kawowa ta ƙi tuɓe ɗankwali yau, shi ya sa aka ɗauko ki daga kan tire. Ku baƙi, ku tambayi ciyaman ina matar Shagamu, ina matar Oyo. Mace ɗaya ce, shekara uku tana tuƙa masa tuwo!"

Wani ya zare wayar lasifika. Fili ya rikice da surutu, Hausa da Yarbanci. Alhaji ya miƙe yana ɗaga hannu.

"Jama'a, a yi haƙuri, goggona ce, tsufa ne, kanta ya ɗan taɓu."

"Kan wadda ta goye ka ne ya taɓu, Maharazu?"

'Yan agaji biyu suka kama ta ta damtse, a hankali dai, suka fitar da ita bayan rumfa. Ta zauna a kan wani kututture tana haki. Sai ga babban cikin baƙin ya biyo ta, dattijo mai farin gemu. Ya tsaya nesa kaɗan, ya waiwaya ya ga ko ana kallonsu, sannan ya yi magana da murya ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, in abin da kika faɗa gaskiya ne, babban al'amari ne, kuma za mu bincika. Amma da kin bari an tashi taro. Irin wannan a cikin gida ake yin ta."

Inno ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa.

"Alhaji, a cikin gida aka shekara uku ana yi."